Ranar da Na Juya Ruwan Wani

Ba zan taɓa mantawa da dutsen nan ba, ko da zan manta hanyar gidanmu na unguwar Al Thumama a Doha.

Bara da zafi ya tsananta a Doha, ɗana na fari (ba na kiran sunansa, Injiniya nake cewa) ya kwashe mu, ni da matarsa, sai tsaunukan arewacin Maroko. Shekara uku ina zaune wajensu, ban ga ruwa yana tafiya da ƙafarsa ba, sai dai a famfo. Can kuwa ga wata tsohuwar hanyar ruwa, ginin dutse, tana bin gefen tsauni ƙarƙashin zaitun da ɓaure. Muna tafe a hankali, ina ba surukata labarin lambun mahaifina. A Doha ita ke koya mini komai, har danna lif. Na ce a raina, yau rana tawa ce.

Muka iso inda ruwan ya rabu biyu. Wani faffaɗan dutse da tsumma sun toshe hannu ɗaya, kabejin da ke ƙasa duk ya yi laushi.

Na ce, "Kin ga sakaci ko? Shuka na kuka, masu ita na barci."

Ta ce, "Hajiya, da dai an bari."

Injiniya ya ce, "Yalla, Inna, mu wuce."

Na gyara ɗaurin zane, na yi bisimilla, na ɗaga dutsen. Ruwa ya kwarara. (Har hoto na sa ta ɗauke ni.)

Ba mu yi nisa ba sai ga wani dattijo da fartanya, yana haki, yana zuba Larabci. Injiniya ya sunkuyar da kai ya fassara: "Inna, rabo suke yi, kowa da ranarsa. Kwana shida yana jiran tasa. Kin juya wa maƙwabcinsa, kuma ba sa ga maciji."

Ni, 'yar mai lambu, wadda a garinmu an sha gurfana gaban mai unguwa kan irin wannan. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na koma na mayar da dutsen da hannuna, zanena sharkaf. Dattijon ya duba yadda na cusa tsumman, ya yi dariya, ya ce wannan hannun ya san aiki. Surukata ta juya baya don ladabi, kafaɗunta na rawa don dariya.

To, jama'a, sanin ruwa daban, sanin mai ruwa daban. Baƙo in ya ga gyara, ya fara da sallama.