Giwar Fakku a Talabijin

Ko me zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata a Tambuwal ba. Ɗana Nasiru malamin makaranta ne, amma da ya dawo gida sai wasan kwamfuta. Ya bayyana mini cewa iri biyu ne: akwai wanda ake ba ka jarumi da sunansa da ubansa da tarihinsa, akwai kuma wanda kai za ka ƙera naka tun daga hanci.

Ni kuwa (aji huɗu na yi a firamare, ba a raina mini ilimi) na yanke hukunci a gaban baƙi. Na ce na farkon ne mutum, domin an san gidansu. Na biyun ba shi da asali, ko auren 'yar tsana ba zan ba shi ba, kuma sai marar aikin yi ke zaman ƙera shi. Kowa ya jinjina.

Da aka fita raba goro, sai na ce bari in duba ɓarnar da idona, tunda na ga inda Nasiru ke latsawa. Kafin in ankara na fara ƙera nawa jarumin. Na ba shi tsawo. Na ba shi ƙirji. Na mayar masa da gashi da haƙora cif. Sannan na sa masa tabo a gira ta hagu, daidai inda jaki ya taɓa harbina, na rubuta masa Giwar Fakku (Fakku garinmu ne), sunan da na so a kira ni a kokawa, da ba a kayar da ni a karon farko ba.

Bayan la'asar Nasiru ya haɗa kwamfutar da talabijin don dangi su ga hotunan jaririya. Sai ga Giwa ya cika bango, ba riga.

Na ce ai haka Turawa suka yi shi. Taubashina Ɗan'ige ya matsa kusa, ya dubi tabon, ya dubi girata.

"To Turawan nan sun san jakinmu."

Hajiya, matata, ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ina wanga ya shiga lokacin da kaz zo neman aurena?"

Yanzu har a kasuwar Kebbe Giwa ake kirana, kuma ina amsawa. Sunan ya makara ne kawai. Abin da na koya shi ne, jarumin da aka ba ka, laifinsa na masu shi ne. Wanda ka ƙera da hannunka kuwa, ka sa masa riga.