Yadda Za Ka Tsare Takardun Kamfani Har a Sa wa Kamfanin Kwaɗo

Ɗan'uwa, idan kai aka ɗora wa kula da takardun ƙa'idar aiki a ƙaramin kamfani, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, ko takarda ɗaya ba za ta ɓata a hannunka ba. An gwada an gani. Ubaidullahi ne ya gwada, a kamfanin man gyaɗa na kawunsa Alhaji Amiru da ke Rurum, lokacin da hukumar duba ingancin abinci ta aiko cewa tana nan tafe: in ta sami takardu a tsare ta sabunta lasisi, in ba haka ba ta garƙame wajen.

Mataki na 1: Karɓi muƙamin hannu bibbiyu

Kada ka tambayi mene ne aikin, sai a ɗauka ba ka sani ba. Alhaji ya ce, "Ubaidu, kai ne ka yi boko, takardun nan suna wuyanka. In aka rufe mana waje kai zan riƙe." Ya ce, "Kawu, kwantar da hankalinka." Washegari ya hau acaɓa zuwa Rano aka sassaƙa masa hatimi. Mai hatimi ba a cika yi masa tambaya ba.

Mataki na 2: Fara kowace takarda da Bisimilla

Kowacce fa. Ta shanya, ta tsintar gyaɗa, ta wanke inji, har ta wanke hannu. A sama, da manyan baƙaƙe. Aikin lada ne, babu mai ja da kai.

Mataki na 3: Yi ta gyara

Takardar da ba a gyarawa, mai ita barci yake yi. Bugun farko na takardar tsinta ta Ubaidullahi ya ce a baza gyaɗa a ƙasa. Na biyu ya ce a kan tamfol. Na uku ya canza lambar shafi kawai. Duk ya raba wa ma'aikata. Bugun ƙarshe kuwa shi ne mai magana: duk ƙwayar da ta yi fumfuna a ware ta a zubar, domin gubar cikinta ita hukuma take farauta.

Mataki na 4: Kulle sabuwar

Ita wannan kada ka raba. Hannun ma'aikata duk maiƙo ne. Ubaidullahi ya buga mata hatimi har wuri biyu, ya sa ta a akwatin ƙarfe a ofis, ya miƙa wa Alhaji makulli don girmamawa. Alhaji kuma rabin rayuwarsa a Kano yake yin ta, wajen cinikin mai.

Mataki na 5: Tsofaffin, bar wa imani

Ƙa'ida ta ce a tattara tsofaffin bugu a hallaka su. Ubaidullahi ya tara su a tsakar gida, ya zaro ashana. Saude, shugabar mata masu tsintar gyaɗa, ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Ubaidu, da sunan Allah a kai?"

"Inna Saude, na tambayi liman, ya ce ya halatta a ƙona."

"To liman ya zo ya ƙyasta."

Ya dubi takardun, ya dubi ashanar. Ya mayar da ita aljihu. Sai Saude ta yi abin da kowa yake yi in ya tsinci irin wannan takarda a ƙasa: ta ninke su ɗaya-ɗaya ta cusa a tsagar bango, wasu a ƙarƙashin kwanon rufi. Ubaidullahi ya ji daɗi har ransa, ba a yi saɓo ba, tsakar gida kuma fes. Daga ranar, duk mai son duba ƙa'ida sai ya miƙa hannu ya zaro.

Mataki na 6: Tarbi mai dubawa da fura

Hajiya Lubabatu ta hukuma ba ta faɗi rana ba, ta dai diro, Alhaji kuma yana Kano. Ta ture kwanon furar gefe.

"Malam Ubaidullahi, ina takardar tsintar gyaɗa?"

"Tana nan a tsare, Hajiya. Makullin ne ya yi tafiya."

A nan za ka gane amfanin ma'aikata masu son taimako. Saude ta ce, "Hajiya, kada ki wahala, ga ta nan." Ta zaro daga bango: bugun farko. Wata ta zaro na uku. Mai inji ya taka buhu ya sauko da na biyu.

"Wacce kuke bi a ciki?"

"Wadda hannu ya kai, Hajiya."

Hajiya ta zura hannu a buhun da ke bakin inji. Ta buɗe tafinta a gaban Ubaidullahi, gyaɗa ce kore shar da fumfuna. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Mataki na 7: Kada ka yi saurin murna

Hajiya ta fizgi bugun farko. "Irin wannan yaga ta ake yi, tun ranar da sabuwa ta fito!" Ta kama gefe biyu, sai idonta ya faɗa kan layin sama. Ta tsaya. Ta ninke ta a hankali, ta yi ɗage, ta mayar da ita tsagar da aka ciro ta. Ubaidullahi ya yi ajiyar zuciya, a ransa ya ce ashe Hajiya tamu ce.

Tamu ce. Ta fito da kowa waje, ta zaro tata takardar mai jan hatimi ta manna a ƙofa, ta sa aka danna kwaɗo.

Da la'asar Alhaji ya sauka daga mota, ya karanta a tsaye. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ya laluba aljihu ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa makulli.

"Ungo, Ubaidu. Akwatinka yana ciki."

To ka gani, alkawari ya cika. Ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba. Kuma karon farko tun da aka kafa kamfanin, an sami takarda guda, bugu guda, a inda kowa yake gani, kowa kuma yana bin ta.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan aka rufe masa waje, ko kawunsa ya daina amsa gaisuwarsa, ba ruwan marubuci, kada a zo masa gida. In ka gama karantawa kana iya yaga wannan takardar. Duba sama ka gani, da gangan na bar wajen fili.