Ƙwaryar Hajiya

A cikin dukan kansilolin da mulkin farar hula ya haifa a shekarar 1999, ban ga wanda ya kai namu ba, Honarabul Alhaji Sagiru Mai Tocila. Mutum ne da ya sadaukar da rayuwarsa ga haske. Shekara goma sha tara yana sayar da batir da tocila a bakin Ƙofar Guga, kuma ko sau ɗaya bai taɓa barin mai saye ya gwada kafin ya biya ba, don kada hasken ya ƙare a banza. Ranar da aka rantsar da shi ya fita gida Sagiru, ya dawo Fitilar Mazaɓa. Shi ya raɗa wa kansa. Mu kuma muka amsa, domin shi ya kawo lemo.

Ni ne magatakardan ƙungiyar ci gaban unguwarmu, saboda haka duk abin da zan faɗa yana nan rubuce da kwanan wata.

A zamanmu na 5 ga Yuni, Honarabul ya miƙe, ya gyara hannun babbar riga sau uku, ya ba mu labarin taron bita da ya je Kaduna. Daga bitar bai riƙe komai ba, amma ya riƙe fitilar da ke rataye a zauren otal ɗin.

"Jama'a, ba fitila ba ce, taurari ne aka ɗaure da sarƙa," in ji shi. "Na tsaya ƙarƙashinta na ce, Sagiru, mi ya hana talakawanka su samu irin wannan? Mararrabar ƙofar gidana za ta samu. Daga ranar kuma sunanta Dandalin Honarabul Sagiru. Jikokinmu za su hau mashin su ce a kai su can."

Wannan shi ne burinsa, kuma bai ɓoye ba. Wasu suna son kwangila, wasu kujerar Makka. Shi suna yake so, suna a bakin 'yan acaɓa, domin ya lura cewa a garin nan wurin da ɗan acaɓa bai sani ba kamar babu shi ne.

Da ya tambayi inda ake sayar da irin ta Kaduna, aka gaya masa kuɗinta, abin da ya sa nan take ya zama mai kishin kayan gida. A zama na gaba ya zo da sabuwar aƙida.

"A zamanin soja ne abubuwa ke zaune a bango ba su aikin komi. Yanzu dimokuraɗiyya ce. Duk wani kayan ado da ke cikin ƙasar nan sai ya sauko ya yi wa jama'a aiki."

Na rubuta wannan kalma da kalma, shafi na arba'in da biyu. Daga baya ya yi amfani.

Kayan adon da aka fara yi wa ritaya ba nasa ba ne. Matarsa, Hajiya Haulat, ɗiyar Fulanin da suka bar yawon kiwo suka zauna ce, kuma tana da wata ƙwarya babba a saman kabad ɗinta, mai zanen wuƙa da na wuta tun daga baki har gindi. Ta kakarta ce, ta zama ta mahaifiyarta Goggo Talatu, ta zama tata. Ba a dama fura a cikinta, ba a ajiye ta ƙasa. A gidansu sau ɗaya take aiki a rayuwar kowace mace: ranar da aka kai amarya, a zuba madara a ciki ta sha, a wanke, a ɗora a kan jere. Saura mako uku a kai Binta, babbar 'yarsu. Duk unguwa ta san haka. Honarabul ma ya sani, amma babban mutum yana kallon abu ne daga sama, kuma daga sama ƙwarya ƙwarya ce.

Ranar Laraba Hajiya ta tafi ƙauye gayyatar dangi. Ranar Alhamis ƙwarya ta isa shagon Ɗanliti mai gyaran wuta.

Ɗanliti, dattijo ne mai tsoron Allah da tsoron mata, ya juya ta ya sake juyawa. "Ranka shi daɗe, in ba a huda ba haske ba ya fita. In an huda kuma madara ba ta zama. Hajiya ta sani?"

"Hajiya tana cikin mazaɓata," in ji Honarabul. "Ni ke wakiltarta."

Aka huda. Huji tamanin da bakwai, na ƙirga. Aka ɗaura mata tsohuwar sarƙar keke, aka kife ta, aka sa ƙwan lantarki a ciki. Ɗanliti ya kawo ƙarami. Honarabul ya ce ƙaramin ƙwai na ƙaramin kansila ne, a sa mai wat ɗari biyu. Aka kafa dogon ƙarfe a mararraba, aka rataya, aka rufe da atamfa. Gefe kuma ga allo, fari da kore, da sunan dandali da hotonsa yana nuna sama da yatsa.

An sa bikin buɗewa ranar Asabar, 19 ga Yuni, bayan sallar magariba. Da la'asar aka yi ruwa, na farko mai ƙarfi a wannan damina. Malam Tanko mai shayi, wanda teburinsa ke mararrabar tun kafin a haifi dimokuraɗiyya, ya dubi ƙasa, ya dubi ƙarfen, ya ce, "Honarabul, da ka ɗaga zuwa jibi. Daren ruwan farko ba a kunna babbar wuta a waje."

"Ka ji irin tunanin da ya hana mu ci gaba," in ji Honarabul. "Gwamnati ba ta jiran yanayi."

Malam Tanko ya dai rufe tukunyar shayinsa da faranti, ya ɗora dutse.

An jera kujeru sittin. Babban baƙo shi ne Alhaji Babaji, shugaban jam'iyya na mazaɓa, cikin farar shadda da aka buga har tana ƙara. Aka tada janareta. Honarabul ya yanke ƙyalle, ya ja atamfa, ya danna.

Gaskiya ita ce, abin ya yi kyau. Haske ya fito ta huji tamanin da bakwai ya zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo, zanen kakar Hajiya ya fito ja kamar an hura masa rai. Mutane suka zuba ido. Minti huɗu aka yi ana wannan kallon, na duba agogo. Da Honarabul ya zauna a lokacin, da yau labarin daban ne.

Amma ya zare takarda. Shafi tara.

"Ya ku al'ummata, tun daga hasumiyar Gobarau ba a sake ɗaga wani abu sama a garin nan ba wanda..."

A nan na farko ya sauka a kan takardar. Shinge ne, garar nan mai fiffike da ke fitowa daga ƙasa bayan ruwan farko tana neman haske. A duk faɗin unguwar babu wata wuta a daren sai tasa, mai wat ɗari biyu. Na biyu ya shiga hularsa. Daga nan ƙirga ta gagare ni.

Suka zo kamar hayaƙi. Suka cika wuyan riguna, suka cika kofunan lemo. Farar shaddar Alhaji Babaji ta koma mai zane. Honarabul, jarumi, ya ci gaba. "Tarihi zai..." ya tofar. "Tarihi ba zai manta..." ya sake tofarwa. A shafi na biyu, wajen kalmar dimokuraɗiyya, wadda ke buƙatar buɗe baki sosai, ya haɗiye aƙalla uku. Manyan baƙi suka tashi ba sallama.

Sai talakawa suka zo. Daga kowane lungu mata suka fito da robobi da ruwa a ciki, da tsintsiya, da faifai, suna kakkaɓa suna tarawa, domin soyayyen shinge da gishiri ba abin wasa ba ne. Ban taɓa ganin aikin gwamnati da jama'a suka amfana da shi cikin minti goma ba sai wannan.

Cikin wannan hali mashin ya tsaya, Hajiya Haulat ta sauko da jakarta daga ƙauye. Ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo. Gefen ƙwaryar ya riga ya fara baƙi saboda zafin ƙwai, ana jin ƙauri.

"Ɗanliti," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Waccan ta Goggo ce?"

"Ita ce, Hajiya. Na faɗa mashi."

"To. Da mi ɗiyata za ta sha madara, Alhaji? Da rariya?"

Honarabul ya share fiffike daga leɓe, ya yi mata bayanin aƙida: kayan ado, bango, zamanin soja, aiki. Matan da ke shara duk sun tsaya suna ji.

"Haka dokar take yanzu?"

"Haka take."

"Madalla."

Ta shiga gida. A falon Honarabul akwai wani farantin tagulla a bango, an zana masa sunansa da laƙabin Gwarzon Mazaɓa, lambar yabo da wata ƙungiya ta ba shi, wadda shi ne shugabanta kuma shi ne ma'ajinta. Kowace Juma'a da kansa yake goge shi. Bayan sallar isha'i farantin ya fito ƙofar gida cike da soyayyen shinge, Hajiya tana raba wa maƙwabta da ludayi. Duk sanda ludayin ya kai ƙasa akan ga sunan maigidan yana ƙyalli cikin mai. Honarabul ya zo wurina a fusace ya ce a rubuta wannan cin mutunci. Na buɗe masa shafi na arba'in da biyu. Ya karanta, ya rufe mini littafin da kansa.

Binta ta sha madararta a sabuwar ƙwarya ta kasuwa, fara fat, ba zane. An ce uwar ta yi kuka, 'yar ma haka. Hajiya ta hana a sauke tsohuwar. Ta ce tunda an huda ta a gaban jama'a, ta zauna a gaban jama'a. Ta sa Ɗanliti ya canza ƙwai zuwa ƙarami, irin na ƙaramin kansila, kuma har yau tana ci, Malam Tanko yana shayi a ƙarƙashinta.

Saura suna. Allon ya yi damina ɗaya, fentin ya wanke, yatsan da ke nuna sama kaɗai ya rage, yana nuna ƙwaryar. Na gwada da kaina: na tare 'yan acaɓa goma sha biyu a Kambarawa, na ce a kai ni Dandalin Honarabul Sagiru. Goma sha ɗaya suka ce ba su san shi ba, ɗaya ya tambaya ko sabon gidan mai ne. Na ce Ƙwaryar Hajiya. Duka suka ce in hau.

A watan jiya wasiƙa ta zo masa daga sakatariyar jam'iyya, ta hannuna ta biyo, na shigar da ita a rajista kamar yadda aka rubuta a bayan ambulan: Zuwa ga mijin mai ƙwarya, daura da Ƙwaryar Hajiya.

Ta iso a kwana ɗaya.