Ni da Gwaggo Asabe a Kan Sabon Mashin

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na goya Gwaggo Asabe zuwa gidan surukaina ba. Ko da na so in manta ma, mutanen ƙauyen ba za su bar ni ba.

A farkon shekarun casa'in ne. Ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, ina kuma neman auren Rifkatu, 'yar wani manomin citta a wani ƙauye da ke bayan Kwoi. Babanta dattijon ikilisiya ne, mutum ne da ba ya ɗaukar wasa a kan alkawari. Ya ce shi ba ya maganar aure da yaro, in zo da babba daga gidanmu. Mahaifina ya rasu, babbar da ta rage mana ita ce yayarsa, Gwaggo Asabe, da ke zaune a Fadan Kagoma. Aka sa rana, muka shiga motar haya, motar ta mace mana a hanya. Muka yini a gindin mangwaro, su kuma can sun dafa abinci sun tara dangi suna ta duban hanya. Saƙon da ya biyo baya gajere ne: an sake ba mu wata Asabar, in muka kuma saɓawa, kada mu wahalar da kanmu da sake zuwa.

Ran nan na ce na gama da motar haya. Ba zan sake ɗora aurena a hannun direba da kwandasta ba. Da adashina ya fito, ban tsaya shawara da kowa ba, na nufi shagon wani Ibo mai sayar da babura, Oga Chidi, wanda aka haifa a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, Hausarsa ma ta fi tawa gudu. Ban kalli ƙananan mashina irin na 'yan acaɓa ba. Idona ya faɗa kan wani dogo ja, mai tayoyi masu haƙora, irin wanda malaman gona ke shiga daji da shi.

"Ticha, wannan ba na zuwa cefane ba ne," in ji Oga Chidi. "Dutse, laka, rafi, duk titi ne a wurinsa. Amma sabon inji ne, da farko za ka ji shi da nauyi. In ka ɗan yi nisa zai sake, sai ka ji kamar ba ka ɗauki komai ba."

Na hau don in gwada. (Ya kamata in faɗa muku ni ba dogo ba ne. A layin malamai ranar taro, ni ake sawa a gaba don kada hoto ya rasa ni.) Da na zauna, yatsun ƙafata ne kawai suka taɓa ƙasa, su ma sai da na karkata. Amma da na tayar da shi na zaga bayan tashar jirgi, na faɗa ramukan da ke karya wa mutane baya, ban ji komai ba. Mashin ɗin yana haɗiye rami ya wuce. Na dawo baki har kunne. Kujerar dai siririya ce, ga tauri kamar bencin majami'a, amma na ce wannan ƙaramin abu ne, namiji ba ya kukan kujera.

Kun san halinmu da sabon abu. Ledar da kamfani ya rufe kujera da ita, ba a cirewa sai ta yage da kanta, don kowa ya san ba kwance ka saya ba. Ni na zarce kowa: har madubai na bar su a naɗe cikin takardarsu. Ina so baban Rifkatu ya gani da idonsa cewa mai neman 'yarsa dal yake hawa. Oga Chidi ya ƙara mini da hular kwano mai kauri, wadda in ka sa ta ko gangar zumuntar mata ake bugawa kusa da kai ba za ka ji sosai ba.

Ranar Asabar na isa Fadan Kagoma da wuri. Gwaggo ta fito cikin sabuwar atamfa mai sheƙi, ko wanki ba ta sha ba, da zakaran gaisuwa a ɗaure a hammata. Ta tsaya ta ƙare wa mashin ɗin kallo daga sama har ƙasa.

"Ɗana, wannan doki ne ko mashin?"

"Gwaggo, shi ne zai kai mu. Yau ko ruwa ake da ƙanƙara sai mun isa."

Sai da aka kawo turmi ta taka ta hau. Ta zauna a karkace, ƙafafu biyu a gefe ɗaya, yadda matan kirki ke zama. Na ce ta riƙe ƙuguna. Ta harare ni.

"Ni in rungume ka a kan titi, kamar wata budurwarka? Tuƙa kawai. Na hau keken babanka tun ba a haife ka ba."

Haka muka kama hanya, hannunta ɗaya a kan zakara, ɗayan yana ɗan dafe da ƙarfen baya. Sabuwar atamfa a kan sabuwar leda. Ni da nake koyar da yara kimiyya, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.

Daga Kagoma zuwa Kwoi komai ya tafi daidai, in ban da kujerar nan. Da farko ɗan zafi na fara ji. Can sai ledar ta ɗauki rana, gumi ya jiƙa wandon kwat ɗina, na koma ina gyara zama hagu da dama. Kafin mu shiga Kwoi mazaunaina sun mutu murus, ko allura aka soka mini ba zan sani ba. Na so in tsaya in miƙe ƙafa, amma na tuna fuskar baban Rifkatu, na cije na ƙara wuta. Gwaggo tana ta faɗa a bayana, ina jin muryarta sama-sama ta cikin hula: in rage gudu, zakara zai mutu, ita ma haka.

Bayan Kwoi muka sauka daga kwalta muka bi ta tsakiyar gonakin citta. Ƙarshen damina ne, akwai wani rafi da ruwansa ya ja baya ya bar yashi mai laushi, sannan a ɗaya gefen hawa ne mai ɗan tsayi. Na ce to, ga inda mashin zai nuna kansa. Na sa giya ta ƙasa, na murɗa hannu, gaban ya ɗan ɗaga, muka haye kamar an harba mu. Ina kaiwa sama sai na ji mashin ya yi wani irin sauƙi, yana tafiya shar. Daɗi ya kama ni. Na ce a raina, Oga Chidi bai yi ƙarya ba, inji ya sake.

Har faɗan Gwaggo ma ya tsaya. Na ɗauka ƙarfin mashin ne ya burge ta. Ganin ta yi shiru, sai na samu damar da ban taɓa samu ba tun ina yaro, na shiga yi mata bayani. Na ce in mun isa kada ta tsawaita gaisuwa. Shiru. Na ce kada ta kawo labarin lokacin da nake fitsarin kwance, don na san halinta. Shiru. Har na ce mata gaskiya a gidanmu ana raina ni, alhali ni ne mai hangen nesa, ga shi yau ta gani. Ba ta musa ba. Na ji ƙaunarta ta ƙaru a zuciyata.

Na shiga ƙauyen ina danna oda. A ƙofar gidan an jera benci a inuwa, dangi sun cika, baban Rifkatu yana tsakiya cikin babbar riga, Rifkatu na leƙowa ta bayan rumbu. Na tsaya a gabansu, na kafa yatsun ƙafata da ƙyar, na cire hula, na ce da murya mai ladabi yadda kowa zai ji:

"Gwaggo, sauka a hankali, mun iso."

Ba wanda ya yi motsi. Na sake cewa, "Gwaggo, bismilla." Sai baban Rifkatu ya ɗan leƙa bayana, ya dawo da idonsa kaina.

"Malam, da wa kake magana?"

Na waiwaya. Leda ce kawai take ƙyalli a rana. Ba Gwaggo, ba zakara.

Ban san lokacin da na saki mashin ɗin ba, ya kwanta, ni ma na bi shi. Wata tsohuwa ta fara salati irin nasu, matasa suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya fi kunyar, don ban san ko Gwaggo na da rai ba. Na yunƙura zan tada mashin, baban Rifkatu ya ɗaga hannu.

"Bar shi nan. Wadda ka yar daga kan mashin, da ƙafa za ka je ka nemo ta."

Na juya na kama hanya, ina tafiya a tale saboda abin da kujera ta yi mini, kwat a jiƙe, mutane na fitowa daga gidaje suna kallo. Ban tsaya ba. Na ce ko a bayana ne sai na kawo matar nan gidan nan yau.

Ban kai rafin ba na hango ta tana tahowa, ɗankwali a karkace, yashi har cikin gira, gwiwar hannu a ɗan goge, zakara na nan a hammata. Na zube a gabanta a tsakiyar hanya. 

"Na yi ta kiranka har muryata ta dushe," in ji ta. "Tashi. Karɓi zakaran nan, hannuna ya gaji. Kuma kada ka ce mini komai."

Da muka isa aka ba ta ruwa ta wanke fuska, aka ba ta kujera mai taushi. Ni na tsuguna a ƙasa, wanda dama shi ne wurina, kuma ko an ba ni benci ba zan iya zama ba. Aka yi addu'a, aka gaisa. Sannan baban Rifkatu ya gyara murya.

"Mama, kin sha wahala, sannu. Amma zan faɗi abin da ke raina. Mutumin da ya yar da uwarsa a rafi bai ko waiwaya ba, yaya zan ɗauki 'yata in ba shi?"

 Na sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, Rifkatu ta tafi. Ina jiran Gwaggo ta ƙarasa ni, don tana da dalili.

"Baba, yaron nan wawa ne, ban musa ba," in ji Gwaggo. "Ni na raine shi, na fi kowa sani. Amma tun yana ƙarami bai taɓa mantawa da ni a ko'ina ba sai yau, kuma saboda 'yarka ne. Hankalinsa gaba ɗaya ya riga shi isowa gidan nan. Ni da ya yar na taso da ƙafata na zo roƙa masa. In ni ban riƙe shi da laifi ba, kai ma ka sassauta."

Baban Rifkatu ya kalli yashin da ya rage a ɗankwalinta. Can sai ya ce a karɓi zakaran. Hawaye suka zubo mini, ban ko ɓoye ba.

Da yamma Gwaggo ta ce ko za a yanka ta ba za ta sake hawa dokin nan ba. Motar 'yan citta aka sa ta, a gidan gaba. Ni na biyo su a baya, rabin tafiyar a tsaye kan matakan ƙafa.

An yi auren, yaranmu ma sun girma. Abin da na koya kuwa ban same shi a kwalejin horon malamai ba: duk ranar da ka ji kana ta zuba magana, babba a gidanku na saurare bai katse ka ba, bai musa ko ɗaya ba, kada ka ɗauka ka yi hankali ne. Taka birki ka waiwaya, wataƙila ba ya nan.