Ranar da Na Yi wa Mai Inshora Tambaya

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ranar da ma'aikacin inshora ya zo duba gidanmu na unguwar Aziziyya, a nan ƙasa mai tsarki, bakina ya buɗe. So nake in gane me ya sa kuɗin inshorar da kawu a unguwar Ka'akiyya yake biya bai wuce rabin namu ba.

Na gyara murya, na tambaye shi da Larabcina na makaranta: "Saboda alhazan da muke saukewa ne? Ko don tukwanen gas ɗinsu shida da ke ƙarƙashin bene?"

Ashe bai san da su ba. Ya zaro biro, Baba ya runtse ido, farashi ya ƙara hawa.

Har yau, in baƙo ya yi sallama, Baba cewa yake, "Ku ɓoye gas, ku ɓoye yarinyar nan, 'yar kamfanin inshora."