Ranar Da Na Kama Kwantai

Ba zan taɓa mantawa da wuyar da kwamfutocin nan suka ba ni ba, ni da ko taɓa su ban iya ba. Lokacin mulkin soja ne, ina mai kula da sito a wata hukuma nan Sakkwato, shugabanmu wani Manjo. Aka sayo manyan kwamfutoci biyu da za su riƙe bayanan hukuma duka. Ofis ya ɗauki murna, har masinja ya ɗinka sabuwar riga.

Ɗan kwangila, Alhaji Ummaru na Ƙofar Rini, ya kawo faya-fayen manhajar da za ta tuƙa su. Na duba kwali, na ga shekarar bara waccan. Daɗi ya kama ni! Ni ɗan gidan 'yan atamfa ne, a kasuwa na tashi, na san kwantai ko a duhu. (Ga shi kuma ina neman ƙarin girma, ina ganin Allah ne ya kawo.)

"Alhaji, wanga kwantai na!" na ce. "Mu za ka yi wa haka?"

"Malam, abin da injiniyanku yar rubuta shi na kawo."

"Kwashe! Kawo na bana, mai ƙyalli."

Injiniya Bala yana Kaduna kwas, ban jira shi ba. Alhaji ya kawo na bana, mutanensa suka ɗora. Ni kuwa na bi ofis-ofis ina ba da labari. Har mai shayin bakin ƙofa ya sha.

Ranar buɗewa Bala ya sauko daga mota kai tsaye, ya tarar an cika. Kafin ya zauna na miƙe gaban Manjo, babu wanda ya kira ni.

"Ranka ya daɗe, tsohon kaya aka so a liƙa mana. Ni na hana!"

Aka tafa. Wallahi har na ɗan rusuna. Manjo ya danna maɓalli, allo ya yi shuɗi ya tsaya cak. Aka kashe aka kunna, ya sake tsayawa.

Bala ya leƙa, ya dafe kai. "Baba, da gangan na zaɓi tsohon. An daɗe ana aiki da shi, an gyara duk ciwonsa. Wannan ko masu shi ba su gama sanin halinsa ba."

Manjo ya juyo a hankali. "Kai ne ka hana?"

"Ni ne, ranka ya daɗe." (Da wa zan ce? Yanzu aka gama tafa mini.)

"Jibi in ga kwamfutocin suna aiki, ko in ga makullin sito a teburina."

Tun ranar na san ba kowane kaya ake saye kamar atamfa ba. Wani sai ya kwana biyu a hannun mutane, ya gama ba wasu kunya, sannan ka kai shi gidanka.

Washegari da asuba na hau babur zuwa Ƙofar Rini, na zauna kan dakalin Alhaji. Ya fito da kwalin a hammata yana murmushi.

"A'a, Sarkin Sito! Mi kaz zaka nema?"

Na sunkuyar da kai. "Kwantai, Alhaji."