Kibiyoyin da Ke Jiran Babban Baƙo

Zuwa ga
Mai girma Shugaban Kwamitin Kare Lafiyar Ma'aikata da Tsara Bukukuwa,
Hawa na bakwai, ofishin da ke da taga ta kowane ɓangare.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramin ma'aikaci ke yi da hannu biyu, da fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin ofis bai yi maka yawa ba.

Ni ne mai sharar matakalar da ke sauka ɗakin ɗinki na ƙarƙashin ginin nan. Ba ka san ni ba, kuma ba laifinka ba ne, lif ba ya biyowa ta wajenmu. Shekarata tara ina wannan aiki. Matata tana cikin mata talatin da biyu da ke ɗinka kayan ma'aikata a can ƙasa, inda babu taga ko ɗaya, kuma tana da cikin wata bakwai, wanda muka shekara shida muna roƙon Allah ya ba mu.

Ranar Laraba aka miƙo mini takardar tuhuma da sa hannunka, ana so in yi bayani a rubuce kan dalilin da ya sa na lalata kayan biki. An ba ni zuwa Litinin in mayar da komai yadda yake, ko in ajiye tsintsiya. Tunda maganar ta shafi mutane da yawa, na ga ya dace in amsa a fili, don haka na liƙa kwafi a allon sanarwa. A gafarta mini in na zaƙe.

Na ɗaya, godiya. Wata takwas da suka wuce kwamitinka ya kawo mana layuka da kibiyoyi masu haske a duhu, aka liƙa su a bakin kowace matakala da jikin bango har ƙofar fita. Wallahi na ji daɗi. Na tsaya kan wanda ya liƙa su ina ta yi masa tambayoyi har ya gaji, ya ce, "Malam, waɗannan ba ruwansu da batir, ba ruwansu da waya. Hasken fitila suke sha su ajiye, in an ɗauke wuta sai su mayar da shi. Abu ɗaya kawai, kada a rufe su." Ya tattara kayansa ya tafi da azahar. Kafin la'asar manaja ya sauko da kwalaye da salatif, ya ce, "Maza rufe su. Babban baƙo ne zai buɗe su da hannunsa. So kake ya zo ya tarar duk an tattake su?" Na faɗa masa abin da mai liƙawa ya ce. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni ko tsintsiya ta fara ba da digiri. Na durƙusa na rufe, domin na san matsayina.

Na biyu, biki. Ina yaba wa kwamiti kan haƙurin da yake yi da babban baƙon nan. An sa rana, ya yi tafiya. An sake sawa, aka ce rumfar da aka kawo ba ta dace da darajarsa ba. Karo na uku aka ce jawabin maraba bai kammala ba. Na huɗu kuwa ba a gaya mana dalili ba, kuma mu ma ba mu cancanci a gaya mana ba. Abin da ban gane ba, ranka ya daɗe, shi ne ko an aika wa duhu takardar ɗage bikin. Domin a wata takwas ɗin nan ya zo ya fi sau talatin, bai taɓa ba da uzuri ba, bai kuma taɓa neman rumfa ba.

Na uku, laifina. Ba zan ɓoye ba, ni ne na fi kowa yi wa kwalin nan hidima. Ƙafa sittin da huɗu na hawa da sauka a kansa kullum, sai ya yage, sai ya jiƙe da ruwan shara. Kowace safiya kafin masu ɗinki su iso, ina durƙusawa in canja wanda ya lalace, in ƙara salatif, in danne da tafin hannu. Na ƙware har manaja ya taɓa nuna ni ga wani baƙo ya ce ga ma'aikaci mai kishin kayan kamfani. Na koma gida ranar ina ta ba matata labari, ita kuma tana dariya tana cewa, "To, Allah ya sa a ba ka kujera a rumfar." Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Na huɗu, wayoyi. Na san akwai doka, kuma doka ce mai kyau, cewa kowace mai ɗinki ta ajiye wayarta a akwatin ƙarfe a bakin ƙofa kada hira ta cinye aiki. Makullin yana aljihun manaja. Na kawo wannan ne don kada wani mai basira a kwamiti ya tambaya me ya hana su kunna fitilar waya.

Na biyar, ranar Talata. Ƙarfe biyu da rabi na rana aka ɗauke wuta. Da ma mun saba, mukan ƙirga zuwa ashirin janareta ya tashi. Ranar bai tashi ba, Dogo mai kula da shi ya fita neman bel ɗin injin. Wata ta bar dutsen guga a kan yadi, wutar ta tafi amma zafin bai tafi ba, sai ƙauri ya cika ɗakin. Wata kuma ta yi ihu ta ce gobara. Babu gobara, ranka ya daɗe, na sani yanzu, kai ma ka sani a hawa na bakwai inda rana ke shigowa. Su dai a lokacin ba su sani ba.

Ina saman matakala da bokitina na ji kujeru na faɗuwa, mata na kiran sunan Allah, suna cin karo da kekunan ɗinki. Ɗakin yana da ƙofa biyu, ɗaya ta matakala, ɗaya ta sito, kuma a duhu duk ɗaya ne, rabinsu sito suka nufa. Na sauka ina lalube. Babu wanda ya san wurin kowace kibiya kamar ni, ni na binne su da hannuna. Na riƙa fizge kwali ina jefarwa, ina cewa, "Ku tsaya, yanzu za ku ga hanya, ku tsaya!" Na ɓare na farko, na biyu, na goma. Babu abin da ya haska. Wata takwas suna ƙarƙashin kwali, ba su sha ko ɗigon haske ba, me za su mayar? Na tsaya da kwali a hannu ina kallon baƙin bango, kuma a rayuwata ban taɓa jin tsoro da haushin kaina irin na wannan lokaci ba.

Minti goma sha ɗaya aka yi kafin Dogo ya tayar da janareta. Da fitila ta kama, shugabar masu ɗinki na zaune a ƙasa riƙe da wuyan hannunta da ya karye. Matata na matakala ta biyar a durƙushe, ta haɗa kai da bango, ta rungume cikinta da hannu biyu, bayanta duk sawun takalma. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Tun ɗazu bai motsa ba." A asibiti ma'aikaciyar jinya ta daɗe tana yawo da na'ura a kan cikin kafin mu ji bugun zuciya. Na zauna a ƙasa a gaban mutane na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Na shida, takardar tuhumar kanta. Na karanta ta sau uku, kuma ina jinjina wa wanda ya rubuta. An ƙirga kwali arba'in da ɗaya da na yaga. An lura cewa uku daga cikin kibiyoyin sun yi datti da sawun ƙafa. An nuna damuwa cewa yanzu babban baƙo ba zai sami abin mamaki ba. Na duba gaba da baya ko akwai inda aka ambaci wuyan hannu ko ciki, ban gani ba, wataƙila takardar ce ta ƙare. Ina roƙon a fahimtar da ni, tunda ilimina gajere ne: kibiyar nan don wa aka sayo ta? In don baƙo ne, shi da zai zo da rana tsaka, da masu riƙe masa lema, ya tsaya minti biyar a ɗauki hoto, wace hanya ce za ta ɓace masa? In kuma don masu ɗinki ne, wane biki suke jira kafin a ba su izinin ganin ƙofa?

A nan dole in ƙara wa kaina laifi, don kada kwamiti ya wahala wajen bincike. Washegari da sassafe na ɓare sauran, duka, daga matakalar ƙarshe har ƙofar waje. Na goge su da tsumma mai tsabta, na bar su suka wuni suna shan fitila. Da aka tashi aiki na roƙi Dogo ya kashe wutar matakala na minti ɗaya. Ranka ya daɗe, kaya masu kyau kuka sayo. Kore shar suka fito, layi bayan layi, har ana iya ƙirga matakala. Matan suka matso suna kallo. Shugabarsu, da hannunta a ɗaure, ta ce, "Ashe duk wannan na nan ƙarƙashin ƙafarmu?" Babu wanda ya yi tafi, babu jawabi, kuma ina ba da haƙuri cewa an yi abin ba tare da rumfa ba.

To, ga amsata game da Litinin. Likita ya ce matata za ta iya komawa aiki, kuma dokar kamfani ba ta ba da hutun haihuwa sai wata tara ya kama. Ke nan saura mata mako takwas tana sauka can ƙasa kowace safiya. Na yi ƙoƙari, don biyayya, in ɗauki kwali ɗaya in gwada mayarwa. Hannuna ya ƙi. Saboda haka na bar tsintsiya da bokiti da ragowar salatif a ɗakin ajiya, makullin yana wurin mai gadi.

Na san za a ɗauki wani a madadina, kuma za a ba shi umarnin da aka ba ni. Ba na jin haushinsa, shi ma da iyalinsa. A dai taimaka a sanar da shi tun da wuri, don kada ya ɗauka aljanu ne: kowace safiya zan rako matata har bakin matakala, kamar yadda kowane miji ke da damar yi. Duk kwalin da ya liƙa zan bi bayansa in ɓare. Shi yana da matakalar da zai share, ni kuwa, albarkacin kwamitinka, daga Litinin ba ni da wani aiki sai wannan.

Allah ya ƙara wa kwamiti basira, ya kawo babban baƙo lafiya a duk shekarar da ya sami sarari.

Naka mai biyayya a kan komai, ban da wannan,

Tsohon mai sharar matakalar ƙasa,
mijin mai keken ɗinki na uku daga ƙofa.